Yadda ake zaɓar taya ga motar gudu: ta zafi ko ta kowane yanayi

Mai mota irin su Ford Mustang, BMW M4, Toyota GR86 ko Chevrolet Corvette, ranar da tayoyinsa suka cinye zai tarar da kashi biyu a kasuwa, girmansu ɗaya, kuɗinsu ma bai yi nisa da juna ba. Akwai tayar zafi, wadda aka yi domin titi mai ɗumi, busasshe ne ko jiƙaƙƙe. Akwai kuma tayar kowane yanayi, wadda aka yi wa mutanen ƙasashe masu hunturu da dusar ƙanƙara, don su shekara da ita ba su sauke ba. Abin da ke raba gardama a tsakaninsu shi ne sanyin safiya a garin da motar take. Sauran abubuwa, irin su daɗewa da kuɗi da halin hanya, suna biyo baya ne.

Inda bambancin yake

Bambancin farko yana cikin robar. Robar tayar zafi tana yin laushi ta manne wa kwalta idan ta yi ɗumi, kuma ko an matsa mata a kwana ko a birki ba ta saurin sakwarkwacewa. Amma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyas, sai ta fara tauri, riƙonta ya ragu. Idan aka kai inda ruwa ke daskarewa, motar da jiya take manne da titi yau tana iya zamewa a shataletale da gudun kilomita 30. A sanyi mai tsanani, wajen digiri 7 ƙasa da sifili, robar wasu tayoyin zafi har tsagewa take yi idan aka motsa motar, kuma irin wannan tsagewar ba ta gyaruwa.

Robar tayar kowane yanayi an haɗa ta ne don ta riƙe laushinta cikin sanyi. Abin da ta samu a can shi take biya a nan: a rana mai zafi tana saurin yin laushi fiye da kima, birki ya ƙara tsawo, sitiyari ya rage kaifi.

Bambanci na biyu ido ma yana ganinsa. Ka durƙusa ka dubi fuskar tayar. Ta zafi tana da manyan tubala a gefen waje, da faffaɗan magudanai uku ko huɗu da suka zagaye ta, sauran wurin kusan sumul. Ta kowane yanayi cike take da ƙananan tsage-tsage siri-siri a kan kowane tubali. Waɗannan tsage-tsagen su ke cizon dusar ƙanƙara, amma a kan busasshiyar kwalta su ke sa tubalan lanƙwasewa idan ka sha kwana da ƙarfi, shi ya sa ake jin motar ta ɗan yi jinkirin amsa hannu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tayar kowane yanayi ita ce ta damina, ta zafi kuma ta rani ce kawai. Ba haka ba ne. A kan jiƙaƙƙen titi mai ɗumi, kyakkyawar tayar zafi ta fi tsayawa da wuri. Raunin tayar zafi sanyi ne, ruwan sama bai dame ta ba.

Mataki na farko: auna sanyin garinka

Ka nemi mafi ƙarancin zafin watan da ya fi sanyi a inda kake, kuma ka dubi lokacin da kake fita da motar. Zafin ƙarfe biyu na rana bai da amfani ga wanda ke fita bayan asuba.

Idan motar tana Kano, Kaduna, Abuja, Sakkwato, Yamai ko Maraɗi, maganar ta ƙare tun nan. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da mutane ke jin wuta da safe, ma'auni a Kano yakan tsaya ne sama da digiri 10, sannan kafin hantsi kwalta ta yi ɗumi. A watan Afrilu kuwa iska kanta tana kai digiri 40, kwalta ta fi haka nesa. A irin wannan wuri tayar zafi ita ce tayar shekara gaba ɗaya. Jos ce ke da safiyoyin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10 a Disamba da Janairu, amma babu ƙanƙara a titi, don haka abin da ake buƙata shi ne tafiya a hankali kilomita biyar ko goma na farko har robar ta ɗumama. Haka lissafin yake ga wanda ke Jidda ko Dubai.

Idan kuma motar tana Toronto, Minneapolis ko Berlin, tayar zafi ba ta da aiki daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Mai mota a can zaɓinsa biyu ne: ko ya ajiye jeri biyu, na zafi da na hunturu, yana canzawa sau biyu a shekara, ko ya kulle motar a gareji har sanyi ya wuce. Tayar kowane yanayi a irin wannan sanyin tana fitar da mutum daga gida, amma ba ta kai tayar hunturu ba, kuma doka ma ba ko'ina take karɓarta ba. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus, tun daga Oktoban 2024, tayar da ke da alamar dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki ce kaɗai ake karɓa idan titi ya yi ƙanƙara.

Wurin da tayar kowane yanayi ta fi dacewa shi ne tsakiyar waɗannan biyun: garuruwa irin su Landan, Atlanta ko Dallas, inda ake yin watanni da safiya mai digiri 2 zuwa 7, dusar ƙanƙara kuma sai jefi-jefi. Wanda motarsa ɗaya ce a irin wannan gari, da ita yake zuwa aiki, ba shi da wurin ajiye tayoyi huɗu, to ita ce tasa.

Mataki na biyu: karanta takardar jikin ƙofa

Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da kamfani ya tsara. Daga nan ake ɗaukar girma, domin tayar da ke kan motar mai yiwuwa ne wanda ya riga ka ya canza ta.

A ɗauki misalin 255/40ZR19 100Y. Lamba 255 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 40 tana nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 102. Lamba 19 girman rim ne a inci. Lamba 100 ma'aunin nauyi ce, tana nufin kilo 800 ga kowace taya; 96 kilo 710 ce, 91 kuma kilo 615. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyi ko harafin gudun da kamfani ya rubuta. Ko ba za ka taɓa kai wannan gudun ba, harafin yana nuna ƙarfin ginin tayar da yadda take jure zafi.

Ka lura ko gaba da baya girmansu ɗaya. Motocin gudu da yawa bayansu ya fi faɗi. Corvette C8 Stingray tana ɗaukar 245/35 a kan rim 19 a gaba, da 305/30 a kan rim 20 a baya. Mustang GT ta zubin 2015 zuwa 2023 mai ƙunshin ƙarin kayan gudu na Performance Pack tana da 255/40R19 a gaba da 275/40R19 a baya. Wannan yana da tasiri a kan kuɗi, za a zo kansa.

Wasu kamfanoni kuma suna da tambarinsu a jikin tayar da aka gina musamman domin motarsu: tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, harafin N da lamba na Porsche. Idan akwai mai tambarin a girman da kake nema, ita ta fi.

Mataki na uku: gane wacce ke kan motar yanzu

Wannan ya fi shafar wanda ya sayi motar da aka shigo da ita daga Amurka ko Kanada ta Legas ko Kwatano. Yawancinsu da tayar kowane yanayi suke zuwa, domin ita kasuwar can ta fi so. Ita kanta Corvette C8 Stingray da irin wannan tayar take fitowa daga kamfani, sai wanda ya biya kuɗin ƙunshin ƙarin kayan gudu na Z51 ake sa masa Michelin Pilot Sport 4S.

Ka duba gefen tayar. Idan ka ga M+S ko A/S, ta kowane yanayi ce. Idan ka ga alamar dutsen nan mai kai uku, ko dai ta hunturu ce zalla ko kuma nau'in da aka ƙarfafa don dusar ƙanƙara. Idan babu ko ɗaya, ta zafi ce. Tayar hunturu zalla a zafin Arewa a cire ta ba tare da jinkiri ba: robarta ta yi laushi da yawa, tana cinyewa da sauri, kuma birkinta a kan zazzafar kwalta yana da tsawo ƙwarai.

Tayar kowane yanayi mai kyau, wadda ba ta tsufa ba, babu dalilin zubar da ita. A ci moriyarta, in ta ƙare a koma ta zafi.

Mataki na huɗu: lissafin daɗewa da kuɗi

Nan ne tayar kowane yanayi ke da hujjarta mai ƙarfi, har a ƙasa mai zafi. A gefen tayoyin da ake sayarwa a Amurka akwai lambar cinyewa, wadda girmanta ke nuna daɗewar taya. Michelin Pilot Sport 4S tana da 300, 'yar'uwarta Pilot Sport All Season 4 tana da 540. Continental ExtremeContact Sport 02, ta zafi, tana da 340, DWS06 Plus ta kowane yanayi kuma 560. Lambar tana da amfani ne wajen gwada tayoyin kamfani ɗaya, domin kowane kamfani shi ke auna nasa. Garantin da ake bayarwa a Amurka ma haka ya nuna: mil 30,000 ga 4S, mil 45,000 ga All Season 4. Idan gaba da baya ba girmansu ɗaya ba, ba a iya musanya na gaba da na baya, don haka garantin na baya yakan koma rabi.

Sai mutum ya tambayi kansa yadda yake tuƙi. Wanda motarsa ke yini a cunkoso, tafiyarsa ta ofis da gida ce, yana cin kilomita 20,000 a shekara, bai cika kai taya iyakarta ba, zai iya ɗaukar ta kowane yanayi mai inganci ya rage kashe kuɗi. Sai dai ya san abin da ya sayar. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma 'yan mitocin da tayar zafi ke ragewa a birkin gaggawa su ne tsakaninka da babur ɗin da ya faɗo titi. Mota mai ƙarfin doki 400 zuwa sama, wadda ƙafar baya ke ja, a ganinmu ba wurin tsimin taya ba ce. Mai GR86 ko Mazda MX-5, da yake ba su da nauyi kuma ba sa cin taya sosai, kuɗin tayar zafi ba zai dame shi ba tun farko.

Akwai kashi na uku da ya kamata a kauce masa a titin gari, wato tayoyin filin tsere irin su Michelin Pilot Sport Cup 2, masu lambar cinyewa ƙasa da 250. Zanensu ba shi da zurfi, kuma a ruwan Agusta da ya kwanta a titi suna saurin hawa kan ruwa, sitiyari ya zama ba ya juya komai.

Kusa da lambar cinyewa akwai haruffa biyu. Na riƙon jiƙaƙƙen titi ka nemi AA ko A. Na jure zafi ka nemi A kawai. A tayoyin kasuwar Turai kuma takardar da ke manne tana nuna riƙon ruwa daga A zuwa E.

Mataki na biyar: dubi hanyarka

Ramin titi bai san tayar zafi ko ta sanyi ba, tsayin gefe ya sani. Taya 245/35 gefenta bai kai milimita 86 ba. Idan ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, gefen yana matsewa tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙulu ya fito kamar ƙwai. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, ba mai facin da zai iya ceto ta, kuma a babbar hanya ita ce ke fashewa.

Idan hanyarka mai gargada ce, ka duba ko motar za ta karɓi rim ƙarami da taya mai tsayin gefe. Misali 255/45R18 da 255/40R19 tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, wajen milimita 687, amma ta farkon gefenta ya fi da kusan milimita 13. Sharaɗi biyu ne: jimillar tsayin kada ta kauce wa ta asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, don kada agogon gudu da na'urar ABS mai hana ƙafa kullewa a birki su rikice, sannan a gwada rim ɗin a kan motar a tabbatar bai taɓa kan birki ba. Motoci masu manyan birkin Brembo sau da yawa ba sa karɓar ƙaramin rim.

Mataki na shida: a wurin saye

Ka nemi rubutun DOT a gefen tayar, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Sabuwar tayar da ta wuce shekara biyu a shago ka nemi wata, musamman idan a rana aka jera ta. Kamfanonin mota da yawa suna cewa a canza taya idan ta kai shekara shida ko da zanenta na nan, kuma zafi yana gaggauta tsufan roba. Alamarsa ƙananan tsagewa ne a gefe da cikin magudanai.

Tayar Beljiyam a kan motar gudu caca ce. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an yi tafiya da ita babu iska ba, kuma cikinsu akwai na hunturu da yawa da aka cire a Turai. Wanda dole ta sa shi, ya sa a juya masa cikinta ya gani da fitila: garin roba ko wani baƙin zobe a bangon ciki yana nuna an taka ta ba iska. Faci a gefe ko a kafaɗa, a bar ta.

Ka sayi huɗu iri ɗaya. Haɗa tayar zafi a gaba da ta kowane yanayi a baya shi ne kuskuren da ya fi haɗari a wannan harka, domin gaba zai riƙe kwana, baya ya saki, motar ta juya da kai. Idan kuɗin biyu kawai ke akwai, a sayi irin waɗanda ke kai, a sa sababbin a baya. Motar da ƙafa huɗu ke ja kuwa tana son huɗun su zama kusan zurfi ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfi ce ke wahala.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

A kai wurin da ke da injin cire taya. Guduma da ƙarfen bankara suna lalata rim na alminiyam, suna yaga bakin taya mai gajeren gefe, suna kuma karya na'urar auna iska da ke manne da bawul. Ka gaya wa mai aikin tun farko cewa akwai na'urar a ciki.

Yawancin tayoyin gudu suna da gefen waje da na ciki, an rubuta OUTSIDE a wanda zai kalli titi. Wasu kuma kibiya gare su mai nuna inda za su juya. Ka duba huɗun da idonka kafin a sauke jak. A sa sabon bawul, a yi balansin kowace ƙafa, sannan a yi saitin ƙafa huɗu. Motocin gudu suna fitowa da ƙafafu a ɗan karkace ciki, kuma idan saitin ya ƙara kaucewa, gefen ciki na tayar zai suɗe har waya ta fito alhali daga waje tana kama da sabuwa.

A ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, a bi su a gicciye. Kowace mota da adadinta a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm: GR86 tana son 120, yawancin BMW na zamani 140, Mustang ta 2015 zuwa sama kuma 204. Bindigar iska da tsalle a kan sifana suna shimfiɗa ƙarfen, suna kuma iya sa faifan birki ya zauna a karkace. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su.

Bayan an ɗaura

Sabuwar taya tana da santsi a fuskarta. Kilomita 500 zuwa 800 na farko a bi ta a hankali, ba birki mai ƙarfi, ba fizga.

Iska ana auna ta ne da safe kafin motar ta motsa, da gejinka na kanka, domin na bakin titi sau da yawa ba daidai suke ba. Adadin da ke jikin ƙofa shi ake bi. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Iskar tana hawa ko sauka da kusan psi 1 a ma'aunin geji a duk canjin digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da aka cika da rana a Oktoba za ta nuna iska ta ragu a safiyar Janairu. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau da psi 4 ko 5, kada ka sace ta, haka ya kamata ta yi. Ƙarancin iska shi ke kashe taya a zafi: gefen yana ta lanƙwasewa, zafi ya taru a ciki, har fuskar ta rabu da jiki.

Idan girman huɗun ɗaya ne, a musanya musu gurbi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Zurfin zane kuma a riƙa auna shi a wuri uku, waje da tsakiya da ciki. Doka a Turai milimita 1.6 ce, amma ƙarfin korar ruwa yana raguwa sosai tun daga milimita 3, saboda haka tayar da ta kai nan a watan Mayu a canza ta kafin damina ta kankama. Continental DWS06 Plus ta sauƙaƙa wannan: haruffan D, W da S suna kan fuskarta, S ke fara gogewa idan ta daina amfani a dusar ƙanƙara, sai W idan ta daina amfani a ruwa.

Mai jeri biyu a ƙasar sanyi ya sa tayar zafi idan safiya ta zauna sama da digiri 7 kwanaki a jere, ya cire ta idan ta fara sauka ƙasa da haka. Kafin ajiya a wanke su, a shanya, a rubuta wa kowace gurbinta da alli, a sa a leda. Ɗakin ya zama mai duhu, wanda sanyinsa ba ya kai daskarewa, nesa da janareta da man fetur. Waɗanda ke kan rim a jibge su a kwance ko a rataye su, waɗanda ba rim a tsayar da su a riƙa ɗan juya su duk wata.